Leɓe da Leɓe

Tun kaka murhun tangaran ke yoyon hayaƙi ta baya,
can wajen gaɓar murfi, inda ido ba ya kaiwa
sai an durƙusa.
Algimantas ne ya fara gani daga kujerarsa a baranda,
bargo a gwiwa, hannun dama kwance a cinya kamar na aro.
Ya ɗaga na hagu, ya nuna.
Na ce na gani. Ban gani ba.

Shekara goma sha ɗaya ban taɓa wannan ƙaton tulu ba.
Nawa yanka albasa da shafa wa kifi gishiri,
wuta tasa ce,
tun ranar da suka sauke shi daga motar Zenonas,
su huɗu suna nishi kamar masu ɗaukar gawa.

Yau ƙanƙarar tafki ta fara tsagewa.
Ya ce, takarda.
Sau uku ya faɗa kafin kalmar ta fito da ƙafafunta.
Na lalubi aljihu, sai rasit ɗin kantin magani na Utena,
dogo, siriri, sunayen ƙwayoyinsa jere a kai.
Na sa shi a bakin murhu, na sauke murfi, na ja.
Ta gaba ya cije.
Ta hagu ya cije.
Ta baya ya sulɓe, ko sallama babu.

To, ga ɓarawon.

Sifana mai lamba goma, wadda ya naɗe wa jan zare.
Noti huɗu a ɗamarar ƙarfe.
Kada ki kwance, in ji shi, sassauta kawai.
Na sassauta, murfin ya yi ajiyar zuciya ya zauna da nauyinsa.
Tsohon gaskit ya ƙone, ya daskare da maiƙon shekaru,
na kankare shi da wuƙar fenti,
yana fita guntu-guntu kamar ɓawon ƙuna,
bikin Ugne a ciki, da kamun kifin bara waccan,
da daren da ruwa ya dake mu muka ƙi shiga ɗaki.
Na goge bakin fes, na shimfiɗa sabo,
ban ja shi ba, don ya ce abin da aka ja
wata rana sai ya koma.

Sai daidaitawa.
Tafi biyu a kan murfi, ina turawa kaɗan-kaɗan,
yatsa na bin gefe yana neman inda sama ta zarce ƙasa.
Shi kuma yana can yana karkata kai,
leɓensa na dama a sake tun watan Nuwamba,
shayi na bi ta nan, rabin sunana na bi ta nan.
Na dubi sifanar hannuna.
Na kau da kai.

Ɗaure nan kaɗan, koma can kaɗan,
kada ɗaya ya riga ɗan'uwansa,
tangaran ba ya gargaɗi, fashewa kawai yake yi.
Rasit ya sake zagayawa.
Gaba, hagu, dama, baya.
A baya ya cije har ya yage,
rabin maganin hawan jini ya maƙale a ciki.

Algimantas ya yi dariya, irin sabuwar dariyarsa mai gefe ɗaya.

Gam na son kwana guda, muka ba shi.
Washegari na zuba gawayi, na kunna da kaina,
na rage ƙofar iska saura faɗin farce.
Hayaƙi ya miƙe ta sama, siriri, shuɗi,
bai waiwayi baya ba.
Na durƙusa duk da haka, gwiwata a cikin taɓo, na duba.

Da yamma na ɓare masa kifi, na cire ƙaya.
Ya ci a hankali.
Ɗan maiƙo ya gangaro ta gefen bakinsa,
na kai babban yatsa na tare shi,
na bar yatsan a nan
fiye da yadda aikin ke bukata.